Tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa da suka koma teku da tikiti a hannu

Ni dai da a tunanina mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan teku, in ya yi ritaya ko kogi ba zai so ya ƙara gani ba. Sai da muka shiga irin jirgin shaƙatawar nan da ke tashi daga Dubai ya bi Abu Dhabi da Doha ya dawo, ni da uwargida, sannan na ga ashe sune ma kwastomomin da ba sa fashi. Kuma ba wuya gane su. Duk sanda jirgi zai shiga tasha, mu muna can muna layin shayi da ƙwai, su suna bakin ƙarfen bene tun asuba hannu a baya, suna jiran ƙaramin kwale-kwalen da ke kawo matuƙin tasha, wanda zai hau ya shigar da jirgin.

A nan na haɗu da wani dattijo ɗan zangon Takoradi ta ƙasar Ghana. Ji ya yi ina waya da Hausa ya juyo yace "kai ɗana, daga ina?" Shikenan muka ƙulle. Ɗakin inji ya yi wa aiki tun yana matashi, ya fara da Black Star Line, kamfanin jiragen da Ghana ta kafa a 1957 zamanin Nkrumah, suna lodin koko da katako zuwa Liverpool da Hamburg. Da kamfanin ya durƙushe, kamar yadda namu na Najeriya NNSL ya rufe a 1995, sai ya koma bin jiragen ƙasashen waje da kwantiragi. Yanzu 'ya'yansa ne ke haɗa masa kuɗin tikiti, kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai abokinsa ɗan Filifin da wani Bature tsohon injiniya, tare suke zama ko'ina.

Nace Baba, tsakani da Allah me ya dawo da ku? Yayi dariya yace ai shi bai taɓa ganin teku ba. Na ɗauka zolaya ce, ashe da gaske yake. Mai aikin inji a ƙasa yake, ƙarƙashin ruwa ma, ba taga ba iska, zafi ya haura digiri 40, ƙara kuwa sai ka sa abu ka toshe kunne, awa huɗu a bakin aiki awa takwas hutu haka ake juyawa dare da rana, kuma cikin awa takwas ɗin nan za ka ci ka yi wanka ka yi wanki, in wani famfo ya lalace a taso ka. Garuruwan da ya je suna da yawa amma abun da ya sani a cikinsu ƙofar tasha ne da shagon da ake buga waya gida. Da kwantena ta zo ma abun ya ƙara muni, don jirgin da a da yake kwanaki ana sauke buhuna yanzu kafin kwana ɗaya an gama an ce a kwance igiya. To shine yanzu ya zo ya ga wuraren da ya wuce ta ƙarƙashinsu.

Amma fa zama fasinja bai karɓe su duka ba. Kun san tsohon direban tirela in ya zauna a kujerar mai zaman banza ƙafarsa na taka birkin da babu, to haka suke. Muna cin abinci Baba zai ajiye cokali yace an rage gudu, ko yace sun kunna wani janareton, ni ban ji komai ba wallahi sai ƙarar faranti. Ɗan Filifin ɗin shi tsatsa yake farauta, ya bi bango da yatsa ya ce nan fenti kawai aka shafa ba a kankare ba. Ranar farko da aka yi atisayen ceto, jiniya gajera sau bakwai da doguwa ɗaya, yawancinmu muna ta hamma muna duba waya, su kuwa sun riga kowa zuwa wajen taruwa, har Baba ya gyara wa uwargida igiyar rigar ceto yace "'yata, a haka in kin faɗa ruwa ta kai za ta fice." Shi ya gaya min tun hatsarin jirgin shaƙatawa Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka mutu, aka tsaurara doka cewa a yi wa fasinja wannan atisayen kafin jirgi ya bar tasha ko da tashinsa, ba a bari sai washegari.

Abun da ya fi burge ni shine yadda suke da ma'aikata. Irin waɗannan jiragen gari ne guda, Icon of the Seas da ya fara aiki daga Miami a 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ma'aikata sama da 2,000, kuma yawancin masu gyaran ɗaki da masu kicin 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, watanni suke yi ba su ga gida ba. Mu sai mu yi ta ƙorafi don an makara da tawul. Baba kuwa da kansa yake gyara gadonsa kafin yaron ɗaki ya zo, ya tattara farantinsa, ya tambaye shi saura wata nawa kwantiragi ya ƙare, ya damƙa masa tukuici a hannu ba tare da kowa ya gani ba. Da zancen korona ya taso, lokacin da a 2020 ma'aikata wajen 400,000 suka maƙale a jirage kwantiraginsu ya ƙare ba halin sauka, Baturen nan har muryarsa ta canza, yace duniya ta ci ta sha a lokacin ba ta tambayi wa ya kawo ba. A ganina wannan ne ya sa suka fi mu jin daɗin tafiyar, sun san wa ke farke a ƙasa lokacin da suke barci, kuma yau ba su ba ne.

Ba komai ke musu daɗi ba dai. Baba yace wannan otal ne aka ɗora a ruwa, jirgin da ba ya ko girgiza kofin shayi saboda fukafukan da ke fita a ƙasa suna daidaita shi. Da ya ga yadda muka matsa jikin tasha a kaikaice da farfelolin gefe ba ƙaramin jirgin da ke jan mu ko ɗaya, girgiza kai ya yi yace yaran yanzu sun huta. Ya nemi a bar shi ya leƙa ɗakin inji aka ce ba a shiga, abun ya ɗan sosa masa rai, kullum sai ya maimaita.

Ga masu tambaya ta wajen addini, eh akwai giya da gidan caca a yawancinsu, kai dai ka san benen da za ka bi. Abinci mu kifi da ganye da shinkafa muka riƙe. Alƙibla ce rigima, manhajar waya sai juyawa take don ƙarfe ya kewaye ka kuma jirgin ma juyawa yake, Baba shi taswirar da ke talabijin ɗin ɗaki yake dubawa ya ga ina aka dosa ya shimfiɗa dardumarsa. Saudiyya ma ta fito da nata, AROYA, ya fara tashi daga Jidda ƙarshen 2024, ba giya ba caca, uwargida tace in da rabon wata tafiya shi za mu bi.

Baba shi ba ruwansa da wannan, Queen Mary 2 yake hari, mai tsallaka Atilantika daga Southampton zuwa New York, kwana bakwai ba tsayawa ko'ina. Yace duk cikin jiragen shaƙatawa wannan kaɗai yake kira jirgi, kuma da hunturu yake so, lokacin da teku ke fushi. Matsalar biza ce, ta Ingila da ta Amurka, babbar 'yarsa na kan cike takardun.