Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Awon Cinya

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda gwiwar dama ta mayar da ni sallah a kan kujera, alhali ban cika shekara 55 ba.

Ban faɗa muku irin neman maganin da na yi kafin nan ba. An yi mini ƙaho sau uku, man zafi kuwa har ɗakina ya kama warinsa. Wanda ya fi cutar da ni shi ne haɗin da nake saya a wani kemis, ƙwayoyi biyar a ƙullin leda. Ka sha da safe, kafin hantsi ka ji kamar an sake maka ƙafa. Wata biyu ina sha, sai fuskata ta cika, abokan kasuwa a Kantin Kwari suna cewa, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Ashe akwai diclofenac a ciki, mai cin bangon ciki yana taɓa ƙoda idan an daɗe ana sha, da dexamethasone mai kumbura fuska, ya tayar da suga, ya raunana ƙashi. Har yau idan na ga dattijo riƙe da irin wannan ƙulli raina yakan ɓaci.

Babban ɗana ne ya matsa sai da muka je Asibitin Ƙashi na Dala. Aka ɗauki hoto, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin gwiwar ya zaizaye, amma abin bai kai ga tiyata ba. Ya tura ni sashen gashin ƙashi.

Wanda ya karɓe ni can sa'an ɗana ne. Ya ce, "Baba, wa ya ce ka daina tafiya?"

Na ce, "Kowa ma. An ce in huta mata."

Sai ya zaro tef ya auna cinyoyina biyu, ya nuna mini. Ta dama ta fi ta hagu sirancewa. Ni shekara 30 ina sayar da yadi, ba na musu da awo. Nan jikina ya yi sanyi.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ba wanda ya taɓa yi mini. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, ruwan cikin gaɓa yake sha ya rayu, kamar soso: a danna shi ya fitar, a sake shi ya tsotsa. Idan ba motsi, yunwa yake kwana da ita. Sannan tsokar gaban cinya ita ke taya gwiwa ɗaukar kaya, zaman da na yi kuwa ya cinye ta, kaya duka ya koma kan gaɓar da ta riga ta gaji. Ya ƙara da cewa duk kilo 1 da na sauke, kusan kilo 4 na rage wa gwiwar a kowane taku.

Aikin da ya ba ni ba ya buƙatar inji. In kwanta rigingine, in miƙe ƙafar in ɗaga ta, in ƙirga biyar in sauke, sau 10. In naɗe tawul ƙarƙashin gwiwa in danna shi. In tashi daga kujera in zauna ba tare da dafa komai ba. Bayan asuba tafiyar minti 10, ina ƙarawa a hankali har minti 30, kwana biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kada baligi ya gaza. Ya ce, "Baba, za ta yi ciwo. In ya lafa kafin gobe war haka, ci gaba. In ta kumbura, ta ɗau zafi, ko ta riƙe ta ƙi miƙewa, ka dawo."

Makon farko na sha wuya, har uwargida ta ce, "Alhaji, anya yaron nan ba ƙarasa ka zai yi ba?" Daga baya ita ce mai ƙirga mini. Ita ce kuma ta rage mini malmalar tuwon dare, ta hana ni lemon kwalba.

A wata na huɗu, wata magariba, na shiga masallacin unguwa na wuce kujerata ban ɗauka ba. Da liman ya yi kabbarar sujada na bi shi a hankali, hannuwa suka fara sauka, sannan goshina ya taɓa tabarma. Hawaye ya hana ni ƙarasa tasbihi.

Guringuntsin dai bai dawo ba, zaman tahiya har yanzu sai na ɗan karkace, kuma duk makon da na yi sakaci da atisaye gwiwar takan tuna mini. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda ciwon baya ya kwantar da uwargida ana saura kwana tara bikin 'yarmu.