Janareta mai girma, baƙi biyar: inda ribar otal ɗinmu ta tsiyaye

Ɗaki 24 gare mu, a nan cikin Sakkwato. Bazarar da na karɓi littafin kuɗi, daga Maris zuwa Mayu, ciniki bai yi laifi ba, amma ƙarshen wata babu abin kirki a asusu. Na zargi mai tsaron sito, na zargi kicin. Allah Ya yafe mini, ashe ɓarawon yana bayan otal yana ruri.

Janaretanmu 100 kVA ne, wato kusan kilowat 80. Daren da baƙi biyar kawai suka kwana, kowace na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan kilowat 1.2. Haɗa da firiza, famfon rijiyar burtsatse da fitilu, da ƙyar muke kaiwa kilowat 12. Injin kuwa ba ruwansa, lita shida zuwa bakwai yake sha a awa. Awa goma, lita 65. Raba wa ɗaki biyar: lita 13 kowanne, ga litar dizal a lokacin ta haura naira dubu. Ban sa wanki, sabulu da albashi ba tukuna. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, don lissafin minti biyar ne, ni kuwa wata uku ina ƙirga kwalin madara.

Ga wata ɓarnar kuma: injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa ba ya ƙone mai sosai. Baƙin mai ya riƙa ɗiga ta salansa, nozul ya toshe, makanike ya zama ɗan gida.

Sai muka sayi ƙarami, 30 kVA. A kan wannan lodin kusan lita huɗu yake sha. Babban sai ranar biki ko taron bita. Mai karɓar baƙi kuma ya daina raba makulli yadda ya ga dama. A cika ɓangare ɗaya kafin a buɗe wani. Kowace safiya a tsoma sanda a tanki, a rubuta lita da lambar mitar awa, mutum biyu su sa hannu. In lita a awa ta tashi lodi bai ƙaru ba, ko dai matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, ko wani ya zuƙa.

Wutar gwamnati ma ba sauƙi ba ce: a Afrilun 2024 masu Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, suka koma naira 225 kan kowane yunit. Shi ya sa kuɗin ɗaki a zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke wuce digiri 40, bai kamata ya zama ɗaya da na Disamba ba, da baƙo ke neman bargo. Mu a da farashi ɗaya muke bugawa a bango shekara guda cur.

Harajin VAT na kashi 7.5 kuwa, ranar da ya shigo nake ware shi, ba ya taɓa kuɗin dizal.