Fiƙar da ta ƙi fitowa

A watan Janairun 2023 na sauka Ingila ni kaɗai, da bizar ma'aikatan lafiya, bayan shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a Kano. A Bradford na samu aiki. Wata biyar na yi kafin Abbansu ya biyo ni da yaran biyu, kuma a watannin nan ban san ko'ina ba sai asibiti da ɗakin haya da karatun jarrabawar gwajin aiki a aikace da ake kira OSCE, wadda sai an ci ta hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, wato NMC, take yi wa mutum rajista. Sanyi kuwa ba a magana, ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya riga ya rufa. Bradford dai gari ne mai sauƙi ga Musulmi, ga masallatai ga mahauta na halal, har kuɓewa da doya ana samu.

Da yara suka iso, makaranta da rajistar likitan unguwa ba su ba mu wuya ba. Likitan haƙori ne aiki. Wuri tara na buga wa waya, kowa ya ce ba ya ɗaukar sababbi. Sai cikin Satumba muka dace da wani wuri, bas biyu daga gidanmu. Ni a lokacin ina ganin cika ƙa'ida kawai za mu yi, domin babu mai ciwon haƙori a cikinsu, mu kuma a gida sai haƙori ya hana mutum barci yake neman likita.

'Yata ta fari, wadda duk gidan muke ce wa Yaya, tana da shekara goma sha ɗaya da rabi. Likitar ta gama ƙirga haƙoranta, sai ta ɗaga mata leɓen sama, ta sa yatsa can saman dasashi tana lalube, dama sannan hagu. Ta koma hagun ta daɗe. Ta kama 'yar fiƙar da ke wurin ta girgiza, ko motsi. Daga nan ta ce in wanke hannu in taɓa da kaina. A dama na ji wani ɗan tudu mai tauri ƙarƙashin nama, kamar ƙwayar gyaɗa. A hagu shafe yake, babu komai. Ta ce wannan tudun fiƙar girma ce tana hanya, kuma daga shekara goma zuwa sha ɗaya ya kamata a ji ta ta kowane gefe. Ta hagun da muke gani ta yarinta ce, ba ta yi famfararta ba.

Hoton da aka ɗauka ya nuna ta ƙarara. Haƙori ne lafiyayye, dogo, amma ya karkace yana kwance cikin ƙashi ta wajen ganɗa, kansa ya doshi saiwar haƙorin da ke kusa da na gaba. Jikina ya yi sanyi. Shekara goma sha ɗaya ina duba marasa lafiya, ban taɓa sa yatsa a dasashin 'yata ba. Muna yara abin da aka koya mana game da famfara shi ne a ɓoye giɓi kada ƙadangare ya gani, haƙori ya ƙi fitowa. Ba wanda ya taɓa ce mana haƙori yana iya ɓatan hanya tun yana cikin ƙashi.

A daren nan, lokacin hutu a wurin aiki, na zauna na karanta abin da zan iya. Kusan mutum biyu cikin ɗari suke samun wannan matsala, ta fi yawa a mata, kuma bayan haƙorin hankali na can ƙurya, fiƙar sama ce ta fi kowane haƙori maƙalewa. Dalili shi ne tafiyarta ta fi ta kowa nisa: tana somawa ne can sama kusa da hanci, ta yi shekaru tana gangarowa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tana iya cinye saiwar maƙwabcinta a ɓoye, ba ciwo ba kumburi.

A nan na fara koyon yadda ƙasar nan take tafiya, wato da wasiƙa da jira. Likitar ta tura mu wurin ƙwararren mai gyaran jerin haƙora. Yaro ƙasa da shekara 18 kyauta ake yi masa a tsarin kiwon lafiya na gwamnati, wato NHS, amma sai buƙatarsa ta kai. Suna da ma'auni da ake kira IOTN mai hawa biyar, kuma haƙorin da ya maƙale yana hawa na biyar, mafi girma. Da ba haka ba, dubban fam ake magana, mu da muke harhaɗa kuɗin haya. Kullum na dawo aiki ƙasan ƙofa nake fara dubawa. Wata ƙawata 'yar Zariya da ta riga ni zuwa ta ja min kunne, ta ce, "Maman Yaya, ko za ki manta da komai kada ki manta da ranar da suka ba ki, a nan in kika ƙi zuwa ba ki sanar ba, suna iya mayar da ke farkon layi."

Ranar da muka je, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne likitan da Yaya yake magana, ba da ni ba. Ita yake tambaya ko ta gane, ko ta yarda. Da farko abin ya ɗan sosa min rai, daga baya na ga hikimarsa, domin bakinta ne, ita za ta yi shekara biyu ko fiye da ƙarfe a ciki. Wata ma'aikaciya ta zagaya bakinta da na'ura mai kamar babban alƙalami, sai ga muƙamuƙinta na sama ya bayyana a allon kwamfuta, ana juya shi ta ko'ina. Likitan ya ja layi daga turmin farko na dama zuwa na hagu, ya ratsa ganɗa. Milimita 30. Ya ce ana son wannan tazara ta kai kamar 36 zuwa 39 kafin haƙora su samu wurin zama a sake, kuma ƙasa da 31 alamar cunkoso ce. Ya sake aunawa ta gaba kaɗan, ya kwatanta da muƙamuƙin ƙasa, sannan ya sa ta haɗe baki. Sai na ga abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba: turamenta na sama ta hagu suna faɗawa cikin na ƙasa, maimakon su rufe su ta waje.

Na tambaye shi ko ƙuncin ne ya hana fiƙar fitowa, domin Yaya ta yi tsotson yatsa har ta shiga firamare, kuma zuciyata ta riga ta ɗora min laifin. Amsarsa ta sa na amince da shi. Ya ce tsotson yana iya tsuke muƙamuƙi, amma fiƙar da ta bi ta ganɗa sau da yawa wuri ba ya yi mata kaɗan. Wadda ke bullowa ta waje, can saman dasashi, ita ce ta cunkoso. Masu bincike sun sha auna faɗin muƙamuƙin irin waɗannan yara, wasu sun same shi a tsuke, wasu ba su ga bambanci ba. An fi danganta abin da gado, ko da ƙanƙantar haƙorin da ke gefenta, wanda saiwarsa take yi mata jagora. Ya ce zai buɗa muƙamuƙin ne saboda cizon ya karkace kuma ana buƙatar wuri, sannan a cire fiƙar yarintar. Wasu likitoci biyu 'yan Suwidin, Ericson da Kurol, sun nuna a 1988 cewa cire ta tsakanin shekara 10 zuwa 13 ya sa kashi 78 cikin ɗari na fiƙoƙin da suka bibiya sun gyara hanya. In ba ta gyaru ba, sai tiyata: a buɗe nama, a manna mata 'yar sarƙar zinariya, a riƙa janyo ta a hankali.

Ƙarfen da aka sa mata yana riƙe da turame, da ɗan sukuru a tsakiyar ganɗa. Ƙashin ganɗa biyu ne da mahaɗi a tsakiya, kuma a shekarunta bai gama haɗewa ba, shi ya sa yake buɗuwa. Aka ba ni ɗan mabuɗi siriri. Juyi ɗaya rubu'in milimita, safe da dare, kwana goma sha huɗu. Takan kwanta a kan cinyata, ƙanenta ya haska mana da fitilar waya, in lalubi ramin in tura baya har sai ramin gaba ya bayyana. Idonta ya kawo ruwa, ta ce tana jin matsi har karan hancinta. Ranakun da nake aikin dare Abbansu ke yi, ya turo min saƙo, "An juya." Tuwo yana maƙale mata a ƙarƙashin ƙarfen, muka koma kunu da faten dankali. A islamiyya sin da shin suka cakuɗe mata, sai da na je na yi wa malamar bayani.

A kwana na shida haƙoranta biyu na gaba suka rabu. An gaya mana zai faru, alama ce ƙashin ya buɗe, amma da ta dubi madubi sai kuka, wai ba za ta je makaranta ba. Da yamma Hajiyata ta kira ta WhatsApp daga Kano. Na ce, "Yaya, buɗe wa Hajiya ta gani." Hajiya ta matso da fuska jikin waya ta rangaɗa guɗa. "Lale lale! Wushirya kika yi a Turai? Ai ke kin gama kyau, takwara. Ku ce wa likitan nan ya bar min ita haka." Yaya ta yi dariya da hawaye a fuska. Washegari ta tafi makaranta. Cikin 'yan makonni wushiryar ta rufe da kanta, Hajiya kuma har yau tana cigiyarta.

Ƙarfen ya yi wata shida kafin a cire. Hoton da aka ɗauka a watan jiya ya nuna fiƙar ta miƙe sosai, ta janye daga saiwar maƙwabcinta, amma ba ta huda nama ba tukuna. Likitan ya ce a ba ta wata shida, in shiru sai maganar sarƙa. Na riga na nemi a canza min ranar aiki saboda wannan ganawar. Ƙanenta zai cika goma a watan Maris, kuma tun yanzu, in ya gama goge baki da dare, nakan ce ya ɗaga leɓe in taɓa. Ta dama ta fara tudu.