Asabar: na je Dadin Kowa a kan mashin mai caji

Jiya da yamma muka gama haɗa mashin ɗin da ɗan Alhaji ya yi odarsa daga Caina, yau kuma na hau shi daga Gombe zuwa Dadin Kowa na dawo. Bari in rubuta tun abin yana sabo a kaina, don na san kafin Litinin labarin ya zaga gareji, kowa ya ƙara masa nasa gishirin.

Alhaji ne ya kafa sharaɗi. Ya ce yaron ba zai ɗora ƙafa a kai ba sai wanda ya san mashin ya fita da shi doguwar hanya ya dawo ya ba da shaida. Ni nake gyara musu mashina tun yaron yana firamare, shi ya sa abin ya faɗo kaina. Da sassafe yaron ya zo gareji da caja a cikin jakar goyo, ya miƙo mini ya ce, "Kawu, don Allah idan kun dawo ku gaya wa Baba alheri." Na ce masa abin da na gani shi zan faɗa.

Sunan mashin ɗin Ultra Bee, na kamfanin Surron da ke Chongqing, garin da Lifan ma ta fito. Batirinsa bolt 74 ne, yana ɗaukar wuta kamar yunit huɗu na mita. Ƙarfin motarsa, wato injin lantarkin da ke juya tayarsa, idan an kai ta ƙarshe kilowat 12.5, kusan ninki biyu na Boxer ɗin da 'yan acaba suke hawa, ga shi kuma nauyinsa kilo 85 kacal, Boxer ta fi shi nauyi sosai. Wanda ya san mashin, daga waɗannan lambobin biyu ya gane da abin da yake tare.

Tun jiya da muke ɗaura tayar gaba nake leƙa cikinsa ina neman abubuwan da na ci abinci da su duk rayuwata. Babu falogi, babu kabureta, babu fiston balle ringi, babu salansa, babu wurin buga kik. Yarona ƙarami ya zagaya shi ya zagaya, ya ɗago ya ce, "Oga, to mu me za mu riƙa gyarawa a nan?" Na ce ya miƙo mini alanki. Amma tambayar ta bi ni har gida, da ita na kwana.

Na tashi da hantsi, bayan sanyin safiya ya ɗan saki. Hazo ya rufe gari, na naɗe fuska da rawani na ɗora hular kwano. Ka murɗa makulli, allon gaba ya kawo haske, ka danna maɓallin tayarwa, shi ke nan. Ba abin da ke motsi a ƙarƙashinka, ba ƙara, ba karkarwa. Sai ka ɗauka a kashe yake, alhali a shirye yake tsaf, kuma nan ne haɗarin farko: duk wanda ya zo wucewa ya taɓa totur don wasa, mashin zai fizge. Na sa wannan cikin abin da zan gaya wa Alhaji.

Ba shi da giya, ba shi da kuloci. Abin da ke hannun hagu, inda muka saba damƙe kuloci, birkin baya ne. Ƙafar hagu ta yi ta neman giya a iska, ta dama tana neman birkin da babu shi, har na wuce unguwar BCGA kafin jikina ya yarda cewa hannuwa biyu ne za su yi aikin gaba ɗaya. A cikin gari na bar shi a kan Eco, mafi sanyin matakansa uku. Ko a hakan, a duk inda muka tsaya da 'yan acaba da masu Keke Napep, da an ba da hannu ni ne a gaba, ba tare da na nemi hakan ba.

Bayan Liji hanya ta buɗe, na duba gaba da baya ba mota kusa, na mayar da shi Sport, matakin da ya fi ƙarfi.

Gani ya kori ji. Injin fetur yana da ɗabi'ar da muka haddace: sai ya tara numfashi, ƙara ta hau, ka sa ta biyu, ka sa ta uku, ƙarfin ya riƙa zuwa kashi-kashi. Wannan duk ƙarfinsa yana nan tun daga tsaye. Na murɗa totur bai kai rabi ba, tayar gaba ta yi sauƙi a hannuna, na ji ana jan kafaɗuna baya, dole na kwanto da ƙirji gaba. Babu inda ya tsaya ya huta, ja ɗaya ne miƙaƙƙe har allo ya nuna tamanin da wani abu. Kamfanin ya ce iyakarsa 90, ban kai shi can ba. Abin da nake ji kawai iska ce a cikin hula, da kukan sarƙa, da wani siririn fito daga motar da ke ƙara kaifi idan gudu ya ƙaru. Na yi salati a fili. Na hau manyan mashina na masu kuɗi da ake kawo mana, wasu sun fi wannan gudu nesa ba kusa ba, amma ban taɓa hawan wanda ke amsa hannu da sauri haka ba. Daɗin da na ji na gaske ne, irin wanda rabona da shi tun ina saurayi.

Idan ka saki totur kuma sai ya riƙe kansa, ya rage gudu a hankali. Motar ce ke juyewa ta koma janareta, tana mayar da 'yar wuta cikin batir. A gangara na gwada, da ƙyar na taɓa birki.

A Kwadon na ga ɗaya fuskar abin. Ko ba ranar kasuwa ba bakin titin nan ba ya rabuwa da kwandunan tumatir da buhunan albasa da masu lodi. Na rage gudu sosai, ban fi talatin ba. Wata dattijuwa da ƙwarya a kai, da jikanta riƙe da gefen zaninta, ta ba ni baya tana magana da mai tattasai, sai kawai ta juyo ta sako ƙafa kan kwalta ba ta waiwaya ba. Na damƙe birki biyun. Birkin faifai ne mai aiki da mai, ya kama nan take, tayar baya ta ɗan ja ƙasa, na tsaya gab da su har ina ganin zaren da aka ɗinke tsagar ƙwaryar da shi. Yaron ya ƙura mini ido bai ko motsa ba.

Na ce, "Inna, sannu, Allah ya kiyaye."

Ta dafe ƙirji ta dubi mashin ɗin sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, abin naka ba shi da baki ne?"

Ba laifinta ba ne ko kaɗan. Mu a nan da kunne muke tsallaka titi. Yaro mai talla, makaho da ɗan jagora, akuya, mai tura ruwa, har direban da madubinsa ya fashe tun bara, duk ƙarar injin ce ke gaya musu wani abu na tafe da kuma saurin da yake yi. Wannan ƙarar da muke zagi idan samari sun cire salansa, rabinta kariya ce. Mashin da ke da ƙarfin Boxer biyu kuma ba a jin zuwansa, nauyin kiyaye kowa ya dawo kan wanda ke kai. Daga Kwadon har na isa, babban yatsana bai bar kan oda ba, ko garken tumaki na hango sai na danna tun daga nesa.

Da Dutsen Bima ya fara bayyana ta cikin hazo na duba allo, batir ya sauka ƙasa da rabi. Kamfanin ya rubuta kilomita 140 a caji ɗaya, amma a gudun 40 ne, sun kuma faɗi hakan. Gombe zuwa Dadin Kowa kusan kilomita arba'in ne, ni kuwa ban tafi a hankali ba, ga iskar hunturu tana dukan ƙirjina daga gabas. Iska ita ke cin wuta, ninka gudu ya fi ninka abin da kake ƙonewa. Na san abin da ya rage ba zai mayar da ni gida cikin kwanciyar hankali ba.

Na fara zuwa wajen dam. Ruwan Gongola ya kwanta shimfiɗe, masunta a cikin kwale-kwale, ƙasa kuma gonakin shinkafar rani an fara shiri. Daga nan ake tura ruwan famfon da muke sha a Gombe, nan ne kuma injinan da aka gina don ba da megawat 40 na lantarki. Na yi lissafi a tsaye: wutar awa ɗaya ta wannan tashar, idan tana aiki cikakke, za ta cika batir irin wannan guda dubu goma. Sai na shiga gari na tarar unguwar da abokina yake babu wuta tun dare. Abin ya yi mini ciwo. Na tuna 2024 da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, muka yi makonni a duhu, masu walda da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Da a lokacin mutum ya dogara da irin wannan mashin, da sai dai ya jingine shi a zaure.

Abokin nawa yana sayar da kifi, ya haɗa sola da babbar inbata saboda firizoji. Ya kashe firiza ɗaya muka jona caja. Fankar cajar ta kama huci, fitilar ta yi ja. Ƙaramin janaretan nan na masu cajin waya ba zai ɗauke ta ba, tana jan wuta kusan kamar dutsen guga. Muka yi azahar, matarsa ta aiko da tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, muka zauna a inuwa muna amsa tambayoyi, don kafin a ce haka 'yan acaban tasha sun kewaye mu.

Tambayarsu ɗaya ce ta fuskoki daban-daban: nawa yake ci? Na yi musu lissafin a ƙasa da tsinke. Tun Afrilun 2024 masu layin Band A, waɗanda aka fi ba wuta, suke sayen yunit a kan naira ɗari biyu da 'yan kai. Cika wannan batir daga ƙasa, da abin da caja ke ɓatarwa, bai wuce naira dubu ɗaya da ɗan abu ba. Tafiyar da zai yi da ita, Boxer sai ta sha kamar lita biyu, ban da baƙin mai da falogi da wankin kabureta. Wani dattijo cikinsu, wanda ya ce tun kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 yake wannan sana'a kuma tun daga lokacin bai sake ajiye kuɗi ba, ya shafa kujerar ya ce, "Malam, ina fasinja zai zauna?" Gaskiyarsa. Wannan na mutum ɗaya ne, dogo, an yi shi don tudu da rairayi da jin daɗin mai kuɗi, ba zai ɗauki mace da goyo da buhun masara ba. Amma irin motar da batirin da ke cikinsa ne ake sa wa na haya. Kamfanin Spiro ya riga ya zuba irin nasa a kudu, inda ɗan acaba ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin mintuna, a Maiduguri ma an fara hawa motoci masu caji. Ba na shakkar za su iso Gombe. Ranar da suka iso, wanda bai san komai ba sai fiston da ringi zai ga aiki yana raguwa a gabansa, kuma ina da yara a gareji da iyayensu suka damƙa mini su don su koyi abin da za su riƙe gida da shi.

Awa biyu da wani abu ya sha, ya haura kashi tamanin. Na taso bayan la'asar. A hanyar dawowa na sauka daga kwalta na bi wata hanyar shanu mai yashi, inda Boxer ke tirjewa sai an sauka an tura. Ya ratsa ta yana watsa ƙasa baya, ba ko tangarɗa. Sauran hanyar na bar shi a hamsin zuwa sittin, batir kuma ya riƙa sauka a hankali, na shigo gari da saura mai yawa.

Bayan magariba na je wajen Alhaji, yaron yana tsugune a gefe. Na ce, "Ranka ya daɗe, mashin lafiyayye ne, ban ga abin kushewa a ƙirarsa ba. Amma ina da sharuɗɗa." Wata guda a kan Eco, ba zai taɓa Sport a cikin gari ba. Hular kwano ko zuwa masallaci ne. Oda a kowace kwana da kowane taron mutane. Ba zai bar makulli a jiki ba inda ƙannensa suke. Caji a fili inda iska ke shiga, ba a ɗakin kwana ba, ba kuma da ya dawo batir na da zafi ba, musamman idan bazara ta zo zafin Gombe ya haura arba'in. Alhaji ya ce a rubuta a takarda, yaron ya sa hannu. Yaron ya ɓata rai a kan na farkon, amma ya sa.

Na kira mai haɗa sola na layinmu, mun yi magana. Daga Litinin yarona ƙarami zai riƙa zuwa wajensa da safe yana koyon awon wuta da haɗin batir, ya dawo gareji da rana. Ni ma na ce ya sayo mini mitar awo irin tasa idan ya shiga kasuwa, ya zauna ya nuna mini yadda ake karanta ta.