Godiya bayan baje kolin zanen yaranmu

Alhamdulillahi, an yi taro an tashi lafiya. Ranar Asabar da ta wuce muka baje kolin zanen yaran gidan renon da nake koyarwa a matsayin 'yar sa-kai, bayan wata 10 muna haɗuwa duk mako. Tun ranar nake son in zauna in rubuta godiya, gajiya ta hana. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi sunan gidan ba, domin duk yaron da ke ciki an karɓo shi ne daga hannun wanda ya ci zarafinsa, wasu ma har yanzu maganarsu tana gaban kotu. Wanda nake nufi zai gane kansa.

Zan fara da Hajiya shugabar gidan. Ranar da na je neman izini ina ɗauke da jakar fenti da buroshi, ina ganin gobe-gobe zan fara. Sai da na shafe mako 6 ana bincike a kaina, ana tuntuɓar waɗanda suka tsaya mini, aka kuma zaunar da ni aka karanta mini dokoki. Ba a kaɗaicewa da yaro, ƙofa a buɗe take zama, ba a ɗaukar hoton fuska. Idan yaro ya ce zai faɗa mini wani abu amma kada in gaya wa kowa, ba zan yi masa wannan alkawari ba. Zan saurare shi ba tare da tone-tone ba, in rubuta kalmominsa yadda ya furta su, in miƙa wa jami'ar da ke kula da kare yara a ranar. A lokacin na ɗan ji haushi, gaskiya. Yanzu da wani zai zo ya ce a sassauta, ni zan fara cewa a'a. Hajiya, Allah ya saka da alheri.

Sai masu renon yaran, waɗanda su ne ainihin masu aikin. Ni awa 2 nake yi in kama hanya. Su ne ke nan da tsakar dare lokacin da yaro ya farka da ihu, su ne ke canja shimfiɗa ba tare da sun bari sauran yara sun sani ba. Akwai ɗaya daga cikinsu da ba zan manta da ita ba. A mako na 3 na ga wani yaro ɗan shekara 8 ya damƙe fensir kamar zai karya shi, sai na zagaya ta bayansa na sunkuya zan gyara masa riƙo, abin da duk malamin zane yake yi. Kafin hannuna ya taɓa nasa ya riga ya shige ƙarƙashin tebur ya rufe kansa da hannu biyu. Na tsaya sororo. Baiwar Allah nan ba ta ce mini komai ba, ta ɗauki takarda ta zauna a ƙasa ɗan nesa da shi, ta shiga zana kifi, wani karkataccen kifi mai ban dariya. Wajen minti 20 kafin ya leƙo ya ce mata ba haka ake yin wutsiya ba. Bayan an tashi ta ja ni gefe ta ce, "Malama, ta gaba ake zuwa musu, kuma a tambaya kafin a taɓa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Yaya, na gode da kika rufa mini asiri a gaban yara.

Ina godiya ga masaniyar halayyar ɗan Adam da ke zuwa gidan, wadda ta raba ni da son fassara. Wata yarinya takan zana gida da bishiya tsaf, sannan ta ɗauko baƙin fenti ta shafe komai. Na ruga wurin masaniyar da takardar ina ta kawo ma'anoni. Ta ce in ajiye, ni malamar zane ce, jinya ta hanyar zane kuwa sana'a ce mai zaman kanta da ake yi wa karatu. Ita ce ta ba ni labarin Adrian Hill, mai zanen nan ɗan Ingila wanda ya raɗa wa wannan fanni suna a 1942, bayan shi kansa ya ga yadda zane ya taimake shi lokacin da yake kwance yana jinyar tarin fuka. Baƙin fenti, in ji ta, yana iya zama baƙin ciki, yana kuma iya zama shi kaɗai ya rage a kwalba. Ta koya mini in daina cewa "mene ne wannan?", in riƙa cewa "kina so ki ba ni labarinsa?", in yaro ya yi shiru kuma in ƙyale shi. Yarinyar dai ba ta taɓa ba ni labarin ba, kuma ba ta daina zuwa aji ba.

Waɗanda suka aiko da takardu, gawayin zane, yumɓu, gam da almakashi marar tsini, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Musamman wanda ya aiko da launi 3 kacal, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, yana ta ba da haƙuri wai bai samu sauran ba. Ranar da yaran suka ga shuɗi da ruwan ɗorawa sun haɗu sun zama kore, ajin ya kaure da sowa har Baba maigadi ya leƙo ko lafiya. Baba, kai ma mun gode da ɗaukar tebura.

Ranar baje kolin kanta, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gurbi 3 da muka bari fayau a bango. Yara 14 ne a ajin, 11 suka yarda a rataye nasu, 3 suka ce ba sa so. Na so in lallashe su, domin ɗaya daga cikin zanen shi ne mafi kyau da aka yi a duk shekarar. Hajiya ta hana. Ta ce yaran nan sun sha cewa a'a ba a ji su ba, to a gidan nan za a ji. Baƙi sun yi ta tambayar me ya sa bangon ya yi giɓi, ba wanda ya yi musu bayani.

Sunaye ma sai da muka yi shawara a kai. Na daɗe da sanin tarihin Friedl Dicker-Brandeis, malamar zanen da ta koyar da yara a sansanin 'yan Nazi na Terezin, ta kuma dage kowane yaro ya sa hannu a aikinsa. An kashe ta a sansanin 'yan Nazi na Auschwitz a 1944, amma zane sama da 4,000 da ta ɓoye cikin akwatuna 2 sun tsira, suna gidan tarihin Yahudawa da ke birnin Prag. Na so yaranmu su ma su ga sunansu a jikin abin da suka yi, dokar kare su kuma ta hana a nuna. Jami'ar walwala ce ta warware mana: kowa ya rubuta sunansa da kwanan wata a bayan takarda, ta gefen da ke kallon bango. Baƙin da suka zo kuma ina yaba musu, domin an roƙe su su bar waya a aljihu kuma sun bari.

Mijina da ya haƙura da Asabar ɗinsa wata 10, ya riƙa kawo ni ko ana ruwa don kada yaran su jira su ga ban zo ba, shi ma na gode.

Ku kuma yarana, na san Yaya za ta karanta muku wannan. Na gode da kuka jure wa surutuna. Mai wutsiyar kifi, na ga jirgin ruwan da ka sa mini a jaka, yana nan a ɗakina. Asabar mai zuwa hutu ne kamar yadda na faɗa muku, ta sama kuma ina nan tafe da ƙarfe 10, da yumɓu. A sa tsofaffin riguna.