Ranar da na fara yanka da inji mai tebur mai zamewa

Na yi shekaru ina aikin kafinta da zarton hannu da ƙaramin injin da ake riƙewa, kuma ban ga gazawarsu ba sai da na karɓi aikin wadirob biyu na wata amarya. Allon MDF, wato na niƙaƙƙen katako da aka matse da gam, mai rufin roba mai tauri da ake kira melamin, wanda faɗinsa milimita 1220 ne, tsawonsa kuma 2440, ba ya rufa wa mai rawar hannu asiri, domin da zarar layi ya kauce ko baki ya ɓantare, babu fentin da zai ɓoye aibin. Na sayi allunan a 'Yan Katako na Na'ibawa, aka ɗora mini su a a-kori-kura zuwa wani shago da kafintoci da yawa ke amfani da injinansa, kowa ya biya kuɗin yankansa da na man janareta.

Injin da ke tsakiyar shagon irin wanda Bajamushen nan Wilhelm Altendorf ya ƙirƙiro ne a shekarar 1906. Hikimarsa ita ce ba allo ake turawa a kan tebur ba, teburin ne da kansa yake tafiya ɗauke da allon, yana wucewa dab da gefen zarto, mai yanka kuma yana biye da shi a ƙafa daga hagu. A gaban babban zarton akwai wani ƙarami da ke juyawa ta kishiyar hanya, aikinsa kawai ya tsaga rufin ƙasan allo da ɗan zurfi kafin babban ya iso, shi ya sa bakin yanka yake fita sumul sama da ƙasa. Dattijon da ke kula da injin ya nuna mini duk wannan, sannan ya ce, "Ɗana, kada ka yarda da saitin da ka tarar, ko da ni ne na bar shi." Na ce to, Baba, amma a raina na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Wanda ya riga ni ya karkatar da sandar jingina, wato sandar da ke kan teburin wadda ake jingina gefen allo da ita, ya yi yankan kusurwa, da ya gama kuma sai ya mayar da ita da ido, bai kai ta har matokarinta ba. Ni ban ɗora sukwaya na duba daidaiton kusurwar ba. Na yanke ƙofofi huɗu ina jin daɗin yadda teburin ke sulɓewa, sai da na jera biyu gefe da gefe na ga sun haɗu a ƙasa, a sama kuwa akwai tazarar da ƙusa za ta shige. Allo guda ya tafi a haka, kuma daga aljihuna na biya.

A nan ne Baba ya koya mini gwajin yanka biyar, wanda har yau ban ga abin da ya fi shi ba. Ana ɗaukar guntun allo a yanke gefe ɗaya, a juya gefen da aka yanke ya jingina da sandar, a sake yanka, haka har sau huɗu, a karo na biyar kuma a fitar da siririn tsinke. Idan aka auna kansa da gindinsa, bambancin da aka samu ninki huɗu ne na ainihin karkatar, don haka kuskuren da ido ba zai gani ba sai ya fito fili.

Kuskurena na biyu ya fi tayar mini da hankali. Ina yanka ƙananan gutsattsari, na yi amfani da shingen da ke dama da zarto, wanda ake saita faɗin yanka da shi, a matsayin ma'auni, ban ja shi baya ya tsaya kafin bakin zarto ba. Guntu ɗaya ya maƙale tsakanin shinge da haƙora, zarton ya ɗauke shi ya wurga baya, ya bugi kwanon bango da ƙarar da ta sa kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Allah ya kiyaye babu wanda ke tsaye a wannan layin, alhali minti kaɗan kafin nan wani yaron shago ya gifta ta wurin da buhun dusar katako.

Yanzu idan layi ya zo kaina, nakan duba cewa wuƙar ƙarfen da ke bayan zarto tana nan, domin akwai masu cire ta su manta, ita ce kuwa take hana katako matse zarto. Nakan sa takunkumi saboda ƙurar MDF, in kori masu tsayuwa a hanyar teburin, in yi gwajina a kan guntu, ko da na bayana suna gunagunin ina ci musu lokaci. Idan na gama nakan mayar da sandar kan matokarinta, in sauke zarton ƙasa, sannan in gaya wa mai bi na abin da na taɓa.