Godiya bayan aikin rizabar gidanmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar na ɗaga murfi na haska layin da muka ja da alli a bango, na ga ruwa na nan inda muka bar shi kwana 2 da suka wuce, ko faɗin yatsa bai sauka ba. Rizabar da marigayi Baba ya gina ta daina yoyo. A bakinta na zauna, na ma kasa tashi.

Ba sai na maimaita muku labarin laka da gansakuka ba, kun ga hotuna. Ranar Talatar da muke wanke rizabar ce har yanzu take hana ni barci. Mun ajiye injin jan ruwa mai fetur dab da bakin rami saboda tiyo bai kai ba, ƙanena kuma yana ciki yana kankare bango. Hayaƙin yana gangarawa inda yake, mu muna sama muna hira. Sai na ji ƙarar burushi ta ɗauke. Na kira shi sau 3, shiru. Wallahi har na sa ƙafa a tsani, Baba mai gadin layinmu ya damƙe rigata ya ce, "Kashe injin tukuna, ɗana, in ka shiga gawa biyu za mu fitar." Shi ne tun da safe ya dage sai an ɗaura wa yaron igiya a ƙugu, har muna masa dariya. Da igiyar muka jawo shi. A asibiti aka sa masa iskar oksijin, likita ya ce mugun abin da ke cikin hayaƙin inji ba shi da wari ko launi, mutum jiri kawai zai ji ya faɗi.

Baba mai gadi, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri, na ambata. Allah ya raya maka zuri'a, ya tsare ka daga abin da ido bai gani, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya haɗa ka da Manzo a Aljanna. Amin summa amin.

Birkilanmu ma Allah ya saka masa. Na so a shafe tsagar da ke sa rizabar yoyo kawai a wuce, ya ƙi. Sai da ya faɗaɗa ta da kurfi, ya wanke, ya cike, sannan ya yi sabon filasta: kwano 1 na siminti, 3 na yashi mai laushi, da maganin hana yoyo. Kwana 7 yana zuwa da kansa yana yayyafa ruwa don kada ya tsage, ban biya shi kuɗin wannan zirga-zirgar ba.

'Yan'uwan da duk Sallah a gidan nan suke sauka, da ruwan nan suke alwala, na ga saƙonninku na "Allah ya taimaka". Na gode. Gidan dai na mu duka ne.

Ruwan farko mai kulorin ya kwana ya wuni, mun zubar, mun sake cikawa. Maman 'yan biyu, mako 3 kina turo mana jarka kullum da asuba ba mu roƙa ba. Ki turo yara gobe, bokitin farko naki ne.